Abin Wuyan Balki

Faɗuwar farko a gindin rumbu ta same ta. Balki ta ɗebo zangarniyar gero za ta sussuka, ta juyo, sai ƙasa ta karkace kamar an ɗaga mata gefe guda. Da ta farka kaji na cin geron kusa da kunnenta, rana kuma ta bar inda ta san ta. Ba wanda ya gani. A Garin Ma'azu mutum na iya mutuwa da hantsi a tsakar gidansa, ba a sani ba sai an zo aron turmi.

Mariama maƙwabciyarta ce ta zo aron turmin. Kafin la'asar labari ya kai Dogon Dutsi, Munkaila ya iso bisa moto, babur ɗinsa. Shi ne ɗan farin Balki, shi kaɗai kuma ya rage mata. Yana da butik, shagon salula, a bakin tasha, da gemu, da wandon da bai kai idon sawu ba. Ya kai ta likita. Aka ɗaure mata dantse aka hura, majo, babban ma'aikacin jinya, ya dubi allurar ma'aunin, ya dubi Munkaila, ya koma Faransanci, yadda ake yi in ba a son mai jiki ya ji labarin jikinsa. Tansiyo ce, hawan jini, in ji su. A sha ƙwayoyi, a rage gishiri da kanwa, kada a bar ta ita kaɗai.

"Inna, magana ta ƙare," in ji Munkaila da suka isa gidansa. "Ga ɗaki nan, Mardiyya ta share shi."

"Ta ƙara share shi ku zuba albasa."

Ta ga ɗakin. Siminti ne, da taga guda mai kallon bangon maƙwabci. Matar ɗanta ba ta da laifi, yarinya ce mai ladabi, har ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Amma Balki ta san tsofaffin da ake kawowa birni don a kula da su. Ana ba su shinkafa, ana gaishe su a durƙushe, ba a tambayarsu komai. Wadda ta bar rumbunta da akuyoyinta da kushewar mijinta ta zo nan, ta zama buhun da ake gyara wa zama in za a yi shara.

Suka ja magana har Munkaila ya gaji, ya kawo sharaɗi. Ya fito da wani baƙin abu, bai kai akwatin ashana ba, da igiyarsa.

"Za ki koma, amma da wannan a wuyanki. In kika sake faɗuwa, ko sau ɗaya, kin dawo nan, ba gardama. Kin yarda?"

"Mi ne ne shi?"

Nan fuskarsa ta saki, don maganar sana'arsa aka taɓo. Ya buɗe wata matacciyar salula, ya ciro wani ɗan abu da tsinke ya ɗora a kan yatsansa. Ƙwayar dawa ta fi shi girma.

"Irin wannan ne a ciki. Shi ke juya hoto in aka kwantar da salula. Ya san tsaye, ya san kwance, ya san girgiza. Barci yake yi, ba ya cin pil, wato batir, sai an motsa shi ya farka. Za ki yi wata ba ki kai shi caji ba."

"To in na yi ruku'u shi ce na faɗi?"

"A'a. Faɗuwa daban take. Jiki ya saki, ya bugu, ya yi shiru. In ya ji haka zai yi ƙara. In lafiya kike, ki danna nan. In ba ki danna ba, ya kira ni."

Balki ta juya shi a tafin hannu. "Laya ce ke nan."

"A'uzu billahi. Ba laya ba ce, Inna."

"Ka rataya min abu ga wuya don shi tsare ni, ka ce ba laya ba."

"Ba ya tsare kowa. Faɗa mini kawai yake yi."

"Ashe magulmaci ne," in ji ta, ta sunkuyar da kai ya rataya mata.

Akwai wani alkawari tsakaninsu da ya girmi wannan. Tun Balki na amarya aka yi mata girkar bori a Lugu, doguwa, iskar gidan uwarta, ta zaɓe ta. Shekara da shekaru, duk wasan borin da aka yi daga nan har Kiyeshe, in goge ya kama taken doguwar sai ta hau ta. Matan da ciki ke zube musu, da masu yaran da ba su kwana, wurinta suke zuwa. Da Munkaila ya shiga karatu wurin matasan malamai na birni, ya zo ya zauna gabanta yana kuka, ya ce ba zai iya cin tuwon gidan da ake yanka wa iska ba. Shekaru ta yi tana ba shi amsa da shiru. Bayan rasuwar ubansa ne ta ce masa ta bari. Ya yi sujada a tsakar gida, ya ba abokansa labari, har aka kawo ta misali a wa'azi.

Gaskiyar ita ce Balki ba ta bar komai ba, ita aka bari. Tun da aka binne mijinta doguwar ba ta sake zuwa ba. Ta zauna a wasanni, goge ya yi ta kira, ta jira sanyin nan da ke fara kama mata ƙeya, ba ta ji komai ba sai ciwon gwiwa. Sai ta daina zuwa. A birni aka ce ta tuba, a ƙauye aka ce ɗanta ya hana ta, ita kuwa ta bar kowa da abin da ya fi masa daɗi.

Ta koma gida da abin a wuya, ƙarƙashin riga. Ta yi daka da shi, ta yi sallah da shi, bai ce uffan ba. Ran da zafi ya sa igiyar ta ci mata wuya, ta cire ta rataya a ƙusa ta tafi daji neman itace. Tana dawowa ta iske Sallau a ƙofar gida da salula a kunne. Sallau ɗan kawunta ne, abokin wasanta tun suna tsirara, kuma shi ne mai gogen da ya yi ta kira mata doguwa tun ranar girka.

"Ga gawar nan ta iso da itace," yake faɗa wa salular. "I, da ƙafarta. Ta fi jiya muni, amma tana numfashi." Ya kashe, ya dube ta. "Ɗanki na tambaya ko kin mutu. Wai abin ya ce tun safe ba ki motsa ba."

"Har shiru ma kai ƙara shike?"

"Ni da na yi shekara arba'in ina binki ban san motsinki haka ba. Ki ba ni shi in aura."

"Ka auri jakarka, ta fi kusa da shekarunka."

Daga ranar ba ta sake cire shi ba.

Da bazara ta yi tsanani Mariama ta shigo ta zauna bakin murhu, ta faɗi abin da ya kawo ta. 'Yarta Afra'u ce. Ciki ya sake zubewa, yanzu kuma ta samu wani, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. An je likita, an sha rubutu. Sun sayi baƙar akuya, za a yi wasan bori.

"Ba mu ce ki yi komi ba, Yaya. Ki zo ki zamna. Ko ganinki doguwa ta yi, ta san gidan."

Balki ta so ta ce wadda ake nema ba ta san gidan ba yanzu. Amma Mariama ce ta ɗauke ta daga cikin kaji. Ta ce za ta zo ta zauna.

An yi wasan a filin bayan gari, inda kuka ta kakkaɓe ganyenta ba ta bar wa kowa inuwar kirki ba. Mata suka yi da'ira, masu ƙwarya suka zauna gefen Sallau. Balki ta samu wuri a bakin tabarma. Ba ta sha ƙwayar safe ba, don sun ƙare, kuma ba ta so ta aika a gaya wa ɗanta. Aka kira iskoki ɗaya bayan ɗaya, wasu suka zo, suka yi abin da suka saba, suka yi atishawa suka tafi. Sai Sallau ya gyara zama, ya dube ta ta gefen ido, ya ja taken doguwarta.

Ta saurara da dukkan jikinta, don duk da komai ba ta daina sa rai ba. Ƙeyarta ta zauna yadda take. Abin da ya zo daban ne: wani nauyi a bayan ido, da ɗaci a baki. Ta gane shi, na gindin rumbu ne. Ta miƙe don ta bar filin kafin ya kama ta a gaban mutane. Taku kaɗan ta yi, a daidai tsakiyar da'irar, ƙasa ta kwanta gefe guda ta ɗauke ta.

Guɗa ta tashi. Ta ji ta kamar daga cikin rijiya. Hannaye suka lulluɓe ta da baƙin zane, wata na yi wa doguwa kirari da muryar kuka, ƙwarya ta ƙara wuta. Ƙarƙashin zanen, a kan ƙirjinta, abin ya fara ƙara yana rawa. Hannunta na dama na danne ƙarƙashinta. Ta aiki na hagu ya danna, hannun ya ƙi zuwa. Tana kallonsa a kan yashi, kamar wani ya manta da shi a wurin. Abin ya yi ƙararsa har ya gaji ya yi shiru, ta san ya kira.

Aka kawo Afra'u aka durƙusar da ita, aka ɗora kanta a jikin zanen. Balki ba ta yi magana ba, harshenta ya cika mata baki. Tsofaffin mata suka ce haka doguwar take in ta daɗe ba ta zo ba, zuwan ma ya isa, ta karɓi akuya. Da nauyin ya ɗan sake ta, ta ji ana jira, sai ta yi atishawar da ake jira. Aka tallafe ta zuwa gida ana sa mata albarka. Mariama na riƙe da ita tana dariya da hawaye.

Munkaila ya iso rana na shirin faɗuwa, yashi har gemu, hannun rigarsa a yage don moton ya kayar da shi a hanya. Bai tarar da uwarsa a gindin rumbu ba. Ya tarar da tsakar gida cike da mata, ana feɗe baƙar akuya, goge jingine da bango. Ya tsaya. Matan suka ja mayafi, hira ta mutu.

"Maraba da Malam," in ji Sallau. "Ka zo daidai hanta."

"Kawu, ina Inna?"

Tana cikin ɗaki, zaune bakin gado, ta rufe hannun hagu da gefen zane. Ya shiga ya saki labule, ya durƙusa a gabanta, ya daɗe yana duban fuskarta a ɗan hasken da ya rage.

"Inna, ya kira ni. Kin faɗi."

"Na ji shi."

"Ciwon ne?"

Ta gyara gefen zanen a kan hannunta.

"Ki ce ciwon ne. Kin je kallo, rana ta buge ki, kin faɗi, su kuma suka ce abin da suka ga dama. Haka ne, ko? In haka ne ba komai. Ki tashi mu tafi yanzu, majo na nan har dare. Ni zan fita in gaya musu da bakina."

Ɗa ne mai son uwarsa, ya yi gudun da ya kusa karya shi don ita, ga shi durƙushe yana roƙon Allah ya sa jijiya ce ta toshe a kanta. Kuma ya yi daidai, kowace kalma. Balki ta ji gaskiyar a hannunta, mai sanyi, mai nauyi kamar taɓarya. Kalma ɗaya za ta faɗa a ɗora ta bisa moto, a ba ta allura, wataƙila hannun ya dawo. Sannan ɗakin siminti, har ranar da za a fito da ita a makara. Sannan Munkaila ya tsaya a tsakar gidan nan ya gaya wa Afra'u cewa kan tsohuwa mai tansiyo ta ɗora goshinta. Sannan garin duka ya san cewa Balki fanko ce tun shekarun baya, ba tuba ta yi ba, ba kuma hana ta aka yi ba.

A waje wata ta yi dariya, aka ce mata ta yi shiru.

Ta tattara harshenta, ta jera kalmomin a hankali don kada su zame.

"Ita ce ta zo."

"Inna."

"Ka tambaye ni, na faɗa maka."

"Kin ce kin bari. Gabana kika faɗa. Na gaya wa mutane."

"Kai ka gaya musu."

Ya zauna a ƙasa sosai, ya dafe kai. Da ya ɗago, ba fushi ne a fuskar ba, wani abu ne da ya fi shi wuyar kallo.

"Wannan abin bai san bambanci ba," ya ce. "Faɗuwa kawai ya sani. Gobe in ya kira ni ina cikin sahu, in yanke sallah in taho, ko in ce iskokinta ne? Ki gaya mini yadda zan yi."

"Ka ɗauke abinka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ni haka nike nufi. Sharaɗinka na ciwo ne. Wanga ba ciwo ba ne, babu inda za ni. Kuma ba ni son a riƙa tado ka daga sallah saboda ni."

Ta so ta cire shi da kanta ta miƙa masa, amma igiyar na son hannu biyu. Sai ta sunkuyar da kai ta jira. Sannan ta ji yatsunsa a bayan wuyanta, suna kwance ƙullin a hankali don kada su ja mata gashi. Hannunsa ya wuce dab da zanen da ta rufe hannunta. Da ya taɓa, da ya sani. Bai taɓa ba, don ya koyi ladabi.

"Ƙwayoyinki fa?"

"Suna nan."

"Zan aiko da wasu ran kasuwa." Ya miƙe, ya sa abin a aljihu. A bakin labule ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "Allah ya shirye mu," ya fita. Ta ji Mariama na roƙonsa ya tsaya ya sha ruwa, ta ji ya ce ya gode. Moton ya ƙi tashi, ya yi ta bugawa, sannan ƙarar ta yi nisa ta bi hanyar Dutsi.

Mata suka shigo da romo da godiya. Afra'u ta durƙusa ta kama ƙafarta, fuskarta ta yi haske yadda ba ta yi ba tun kaka. Balki ta shafa mata kai da hannun dama, ta ce ta gaji, doguwa ba ta barin mutum da ƙarfi. Suka ce haka ne, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Sallau ne bai tafi ba. Ya zauna a bakin ƙofa da gogensa a cinya, yana murɗa tsirkiyar da ba ta buƙatar murɗawa.

"Tsohuwa."

"Mi kake jira? An raba naman."

"Tun kina da haƙora nike yi miki kiɗi. Doguwarki da baya take jefa ki, ki sauka zaune, ƙasa ta amsa. Ban taɓa ganin ta kwantar da ke bisa kunne ba."

"Ta tsufa ita ma."

"Miƙo min ludayin can."

Ludayin na gefenta na hagu. Ta dube shi, ta dubi Sallau. Ba ta miƙa ba.

Ya ajiye gogen, ya laluba aljihu ya fito da salularsa. "Bai kai kwalta ba tukuna. In na kira shi yanzu, shi juyo."

"In ka kira shi, ka ci amanar kakanmu."

"In ban kira ba fa? Wa na ci?"

"Ni ce mai hannun."

"To gobe in ɗaura amalanke mu tahi Kiyeshe, ba Dutsi ba. Ba wanda ya san mu can."

"Kowane majo na ƙasar nan salularshi a butik ɗin yaron ya saye ta. Kafin a zare min allura ya ji."

Sallau ya sake duban hannun nata. Salular na hannunsa, babban yatsansa a kanta, bai danna ba, bai kuma mayar da ita aljihu ba. Akuyoyi sun dawo daga kiwo suna kuka a bakin garke, ba a ba su ruwa ba.

"Tashi ka shayar min da su," in ji Balki. "Guga na bayan rumbu. In ka gama ka jawo min ƙofa."

"In na jawo ƙofa, wa zai san kin kwana?"

"Ka zo da safe ka gani."

Ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya nufi bayan rumbu da salular a hannu. Balki ta kama hannun hagu da na dama, ta ɗora shi a cinya, ta fara murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana sauraron ko za ta ji muryarsa yana magana da wani a can bayan.